An Sanya Maniyyi A Mahaifa Sau Da Yawa, Ciki Bai Shiga Ba: Mene Ne Dalili?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wani bawan Allah ya tsayar da ni bayan sallar Asuba, ya ce sau huɗu ana yi wa iyalinsa aikin da likitoci ke kira IUI, kuɗi sun ƙare, ciki bai shiga ba. Tambayarsa ita ce: Malam, ko sammu ne?

Aikin shi ne a karɓi maniyyin miji, a tace shi, a zuba shi cikin mahaifar matarsa da siririn bututu a lokacin da ƙwanta ke fitowa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai buƙata, matuƙar maniyyin na mijin ne. Amma gajarta wa maniyyi tafiya kawai aikin yake yi, ba ya gyara abin da ya lalace. Ko ga matar da ba ta kai shekara 35 ba, cikin gwaji goma ɗaya ne ko biyu ke zama ciki. Bayan shekara 40 rabon yana raguwa ƙwarai, domin ƙwai ma yana tsufa.

Babban abin da ya kamata a fara dubawa a ƙasashenmu shi ne hanyoyin ƙwai, guda biyun nan da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. A cikinsu ne maniyyi ke haɗuwa da ƙwai. Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari, ko tsargiyar da ake ɗauka a ruwan tafki da gulbi, duk suna iya toshe su, mace ba ta sani ba. Idan duka biyun sun toshe, ko sau ashirin aka yi aikin asarar kuɗi ce. Akwai hoton da ake ɗauka bayan an tura wani ruwa cikin mahaifa, shi ke nuna ko hanyar a buɗe take. Na tambayi mutumin ko an yi musu, ya ce bai taɓa jin labarinsa ba.

Sai ɓangaren miji, kuma nan ne mu maza muke noƙewa. Ƙarfin saduwa daban, lafiyar maniyyi daban. Idan ƙwayoyin da ke motsi sun yi kaɗan bayan an tace, da wuya aikin ya kama. Taba tana rage su, zazzaɓi mai zafi yana rage su na ɗan lokaci, allurar sinadarin mazantaka da wasu ke yi don neman ƙarfi tana iya tsayar da su. Sabon maniyyi kuwa yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya nuna. Zalunci ne a yi ta ɗora wa mace laifi, har a yi mata gorin kishiya, alhali maigida bai yarda an auna shi ba.

Lokaci ma yana da hannu: ƙwai ba ya wuce kwana ɗaya bayan fitowarsa, wanda ya saɓa ranar da likita ya sa ya ɓata wannan watan. Haka nan ƙari a cikin mahaifa, ko rashin kaurin shimfiɗarta, ko rikicewar sinadaran jiki, na iya hana cikin zama.

Mafi yawan waɗanda aikin ke yi wa amfani suna dacewa ne a gwaji uku ko huɗu na farko. Bayan haka a zauna da likita a sake bincike, a ji ko lokaci ya yi na haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a mayar cikin mahaifa, wanda shi ma ya halatta tsakanin ma'aurata. A wannan gaɓar ce, idan gajiya ta zo, wasu wuraren ke tallata maniyyin wani namiji a asirce. Wannan haramun ne, domin cakuɗa nasaba ne, kuma yardar miji ba ta halatta shi.

Wallahu a'alam.