An ɗaga mota don yashi, an bar sitiyari yana yawo a kwalta

Hanyar da ta tashi daga Sabha ta nufi Jufra, wadda ta bi ta Tamanhint da Samnu da Zighan, kwalta ce miƙaƙƙiya, kuma a irinta ne ake gane motar da aka ɗaga ba a daidaita ƙafafunta ba. Za ka hango Land Cruiser ko Hilux ta yi tsayi gwanin sha'awa, amma direban bai huta ba, yana ta ɗan murza sitiyari dama da hagu don motar ta tsaya a layinta. Idan babbar mota ta gifta, iskarta kaɗai ta isa ta ture shi gefe. Da yawa kan ɗora laifin kan iska ko kan sabbin tayoyi, alhali matsalar ta faro ne tun ranar da aka canza sifirin.

'Yan uwanmu Hausawa da ke tuƙi ko kanikanci a Fezzan sun san dalilin ɗaga mota. Wanda zai bi Gatrun ya gangara Tummo har Dirku da Agadas, ko ya nufi Ubari da Gat, ba ya tafiya da mota wayam. Duro ɗaya na ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, na fetur kuma wajen kilo 150, ga tayoyin safaya, ga kayan abinci, ga mutane. Duk da arahar fetur a farashin gwamnati, a kudu yakan yi wuya, dole mutum ya ɗauki nasa. Sifirin na kamfani yakan kwanta a ƙarƙashin wannan lodi, sai a sa mai ƙarfi, mota ta tashi da santimita 5 ko fiye.

Bayan an gama, mai mota ya wuce wurin gomista, wato mai gyaran taya, ya ce a yi masa konferjensa. Kalmomin biyu duk daga Italiyanci Larabcin Libya ya aro su, kamar yadda ya aro goma ga taya da fireno ga birki. Mutanen Kano alaimen suke cewa, na Maraɗi da Damagaram kuma paralelizim. To amma a asalinta, konferjensa sunan awo ɗaya ne tak cikin awo uku da ke riƙe da tayoyin gaba, kuma a ƙananan gareji da yawa shi kaɗai ɗin ake taɓawa.

Wannan awon shi ne yadda bakin tayoyin biyu ke ɗan tsukewa ciki ko buɗewa waje idan ka dube su daga sama. Ba ƙaramin abu ba ne. A taya mai tsayin santimita 80, kuskuren milimita 3 yana sa kowace taya ta ja gefe kusan mita 2 a kowane kilomita. Daga Sabha zuwa Tarabulus, fiye da kilomita 750, an goga tayar a kwalta ta gefe wajen kilomita ɗaya da rabi ke nan. Shi ya sa za ka shafa taya ka ji haƙoranta sun yi kaifi ta ɓangare guda. Awo na biyu shi ne kamba, karkatar saman taya ciki ko waje idan ka tsaya a gaban mota. In ya ɓaci, gefe ɗaya na tayar ne ke cinyewa ya bar ɗayan sabo fil.

Na ukun, kasta, shi ne wanda ɗaga mota ya fi lalatawa, kuma ido ba ya ganinsa. Dubi keke ko babur: ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a tsaye yake cak ba, samansa ya jingina baya wajen mai tuƙi. Wannan jinginar ce ke sa keke ya miƙe da kansa har yaro ya saki hannu. Tayar mota ma a kan irin wannan layi mai jingina take juyawa, shi ne ke mayar da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana, shi ne kuma ke hana motar yawo in ta ɗauki gudu. Kasta ba ya cin taya sosai, don haka mai duba taya kawai zai rantse maka komai lafiya.

Yadda abin ke faruwa ya danganta da irin motar. Land Cruiser 79, wadda Toyota ta fito da ita a 1999, aksul ɗinta na gaba ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya, a kan sifirin mai naɗi, da dogayen hannuwa biyu da suka riƙe shi daga baya. Idan aka ɗaga jikin motar, hannuwan nan sai su ƙara sunkuyowa, su mirgina aksul ɗin gaba, jinginar nan ta ragu. A ɗagawar santimita 5 ana iya asarar digiri biyu ko kusa da haka, kuma dama gaba ɗaya abin 'yan digirori ne. Babu wani noti da kamfani ya tanada don gyara wannan a 79. Sai dai a cire bushin ɗin hannuwan a sa waɗanda raminsu ya kauce daga tsakiya, ana samun na digiri 2 da na 3, ko a sa faranti na musamman, ko a canza hannuwan baki ɗaya in ɗagawar ta yi yawa. Ita kuwa konferjensa a wannan motar kusan ba ta motsawa don an ɗaga, saboda sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu kai tsaye. Ka ga an biya kuɗi an gyara abin da bai ɓaci ba, wanda ya ɓaci kuma yana nan.

Akwai kuma sandar Panhard, wadda ta gicciya daga firam zuwa aksul don hana shi zamewa gefe. Da an ɗaga mota sai ta ja aksul ɗin ɓangare ɗaya, ka ga taya ɗaya ta fi leƙowa waje, sitiyari kuma ya karkace alhali mota na tafiya sak. Maganinsa sanda mai ƙari da ragi, sannan a daidaita sandar da ta taso daga akwatin sitiyari. Cire sitiyari a mayar da shi daidai, kamar yadda wasu ke yi, rufa-rufa ce kawai. Kada kuma a ruɗe da wani abu: tun daga 2007 tazarar tayoyin gaba na 79 ta fi ta baya faɗi da kusan santimita 10, shi ya sa a yashi na baya ba sa bin sawun na gaba daidai. Haka aka ƙera ta, ba aikin gomista ba ne.

Hilux labarinta daban. Kowace tayar gaba cin gashin kanta take yi a kan hannu biyu, na sama da na ƙasa, don haka ɗagawa tana taɓa awo ukun a lokaci guda. Daɗin abin, a gindin hannun ƙasa akwai notuna masu murfi karkatacce da ake juyawa a gyara kasta da kamba. Amma suna da iyaka. In ɗagawar ta haura santimita 5 sosai, sukan ƙure ba a kai awon kamfani ba, sai an sa hannun sama da aka ƙera don motar da aka ɗaga. Shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ma yana ƙara lanƙwasa, robarsa ta yage da wuri, yashi ya shiga, sauran kuma kowane bakanike a Sabha ya san shi. Notunan nan sukan kafe a cikin bushin, kuma wani maimakon ya gaya maka sun kafe sai ya yi konferjensa ya sallame ka. Ka nemi a nuna maka lambobin awo ukun, na kafin aiki da na bayansa. In wurin ba su da na'urar auna kasta, gara su faɗa tun farko ka nemi wani.

A ganina kuskuren da ya fi yawa a nan kudu shi ne auna mota ba kaya. Sifirin mai ƙarfi yana ɗaga bayan motar sosai idan babu lodi, gaba ya duƙa, kasta ya ƙara raguwa. A ɗora duro huɗu kuma awon ya sake canzawa. Wanda kullum da lodi yake tafiya, ya je gareji da nauyin da ya saba ɗauka. Kafin a fara a daidaita iskar tayoyi, domin wanda ya sauke iska a yashi sau da yawa bai mayar da ita daidai ba. A girgiza kowace taya a ji ko tarod ko boris sun yi sako-sako, don ba a auna abin da ke rawa. Notunan bushin a ɗaure su mota na tsaye kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage. Sabon sifirin yana ɗan zama bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, saboda haka a koma a sake aunawa.

Sai batun birki, wanda ba ya cikin aikin gomista amma ɗagawar ce ke jawo shi. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux suna da wani bawul a baya mai sanda zuwa aksul, yana auna yadda mota ta kwanta don ya san ƙarfin birkin da zai tura tayoyin baya. An ɗaga mota, bawul ya ɗauka babu kaya, sai ya rage birkin baya alhali an cika ta maƙil. Dole a ɗaga mazaunin sandar daidai da ɗagawar. A duba tiyon birki ko ya ɗame idan taya ta sauka rami. Sabbin Hilux masu kwamfutar hana santsi kuma suna buƙatar a sake saita mata tsakiyar sitiyari bayan aikin.

Duk wannan yana da nauyi ne saboda abin da ake ɗauka a bayan motocin nan mutane ne, amana a wuyan direba. Motar da aka ɗaga nauyinta ya koma sama, ta fi saurin kifewa a gefen tudun yashi ko in an kauce wa raƙumi da dare. In aka haɗa da sitiyarin da ba ya komawa tsakiya, fashewar taya ɗaya a gudun kilomita 120 ta isa. Shokin sitiyari mai ƙarfi da wasu ke ƙarawa yana rage kakkarwar da hannu ke ji, amma bai mayar da ko rabin digiri na kasta ba.

Gwajin da direba zai yi da kansa ba shi da wuya. A fili mai kwalta inda babu kowa, ka sha kwana a hankali ka sassauta hannu: sitiyari ya kamata ya kama hanyar komawa tsakiya da kansa. A miƙaƙƙiyar hanya kuma, a gudun 80, motar ta riƙe layinta ba sai kana binta da gyara ba. Da dare ka tsaya gaban bango da lodinka ka duba fitilu, domin duk lokacin da tsayin gaba da na baya ya canza, haskensu ma ya bar inda aka saita shi.