Kafin A Haƙa Rijiya, A Binciki Takarda

Ya ku masu garka da makiyaya na Arlit da Akokan, ruwan da ake ja a ƙasarku ba na damina ba ne. Yana kwance ne cikin shimfiɗun dutse mai yashi, ya taru tun dubban shekaru, kuma abin da aka ɗiba ruwan sama ba ya mayar da shi sai kaɗan ƙwarai. Ba mai ganinsa da ido. Saboda haka duk wani aikin foraj ko rijiya, kan taswira da takardun awo ake gina shi. In takarda ta yi kuskure, kuɗinku da guminku sun tafi a banza. In an kawo muku ita, ku yi tambaya huɗu.

Ta ɗaya, yaushe aka yi awon? An kafa Arlit a 1969. Somair ta soma fid da yuraniyom a 1971, Cominak kuwa ta yi aiki daga 1978 har 2021. Duk shekarun nan ana jan ruwa. Zurfin da aka rubuta kafin nan ba shi ne na yau ba.

Ta biyu, ina ne wurin daidai? Sunan Tamashek akan rubuta shi iri biyu da Faransanci, sai a ƙirga rijiya guda sau biyu. Wata kuma ta ƙafe tuni, amma tana nan bisa taswira.

Ta uku, daga wace shimfiɗa ruwan ya fito? Akwai Tarat, akwai Gezuman, kuma cikinsu ne ake samun yuraniyom ɗin kansa. Awon wannan ba ya tsaya wa waccan.

Ta huɗu, wa ya yi awon? A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a yankin Arlit, CRIIRAD ta Faransa ta auna shi. Huɗu cikin biyar sun wuce haddin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva ya musanta ƙarar da aka yi masa. Ashe awon hannu ɗaya bai isa ba.

Ku ma kuna da aiki. Kowane kwamitin rijiya ya ajiye littafi. A sa igiya a auna zurfin ruwa farkon kowane wata, a rubuta kwanan wata, a kai wa ma'aikatan ruwa na Arlit. In malamin awo ya zo, ku raka shi har bakin rijiya, gani ya kori ji.