Tsoffin Kuɗin Ƙarfe A Kan Iyakar Jibiya: Yadda Ake Rarrabe Na Gaske Da Jabu

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya san ƙasar Jibiya, tun daga Kusa har zuwa Magama inda hanyar Katsina ta miƙe ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ya san wuri ne da kuɗin ƙasa biyu suka daɗe suna cuɗanya. A nan fam da sule suka haɗu da tamma da dala, kafin naira ta fito a ranar 1 ga Janairu, 1973. Saboda haka har yanzu akan tarar da tsoffin kuɗin ƙarfe a cikin adudun tsofaffi da kayan adon mata. Da yake akwai masu sha'awar tara irin waɗannan kuɗi, to, mazambata ma ba su yi barci ba. Hasara kuwa iri biyu ce: mai saye ya biya kuɗin azurfa a ba shi darma, ko kuma magaji ya yi watsi da abin kirki a kan 'yan kuɗi kaɗan don rashin sani.

Jabu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Masana harshe suna danganta ita kanta kalmar da Ijebu, inda aka yi ta kama masu ƙera kuɗin ƙarya a zamanin Turawa. Abin ya dami Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, har a 1938 ta fito da sule da fataka masu tsagi a gefe, don ya yi wa masu zubi wuyar kwaikwayo.

Makami na farko shi ne sanin tarihin kuɗin. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin 1907 da wasu na 1908 na sanholo ne, watau alminiyom, daga nan aka sake ƙarfen. Don haka aninin sanholo mai ɗauke da wata shekara ta gaba da wannan ƙarya ne. Haka kuma sulen azurfa mai hoton kwakwar manja daga 1913 zuwa 1920 kaɗai aka yi shi, sannan aka koma tagulla. In aka nuna maka farin sule fat mai shekarar 1925, to, wanke shi aka yi da ruwan azurfa.

Wata dabarar kuma ba ta bukatar maƙeri, baki kawai take bukata. Akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara. Dillali zai ce maka tun da sarkin bai cika shekara ba, ai kuɗinsa ba a samun su. Gaskiyar magana miliyoyi aka buga, kuma darajarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Irin wannan ruɗu ne ke tattare da liyari, watau dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ta Sahara. Baturen nan Barth, wanda ya zo Katsina da Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canjin ta a kan wuri 2,500. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma tun daga nan duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, ko a Biyana ne, ko a Landan, ko a Bambai, har ma da waɗanda ake bugawa a zamanin nan. Ashe ke nan 1780 ba shaidar tsufa ba ce. Abin da ya kamata a tabbatar shi ne azurfar: liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa, kuma akwai rubutu a zagaye da gefensa. Tsohuwar dalar Faransa ta azurfa, watau tamma biyar, giram 25 ce.

To, yaya mutum zai jarraba? Da farko ya ɗora a kan ma'aunin maƙeran fari, domin da wuya jabu ya dace da nauyi da faɗi da kauri gaba ɗaya. Na biyu ya kara maganaɗisu. In ya kama, babu batun azurfa. Amma rashin kamawa ba hujja ba ce, don darma da tagulla ma ba su kamawa. Na uku ya saurari amo: azurfa takan yi ƙara mai tsawo, darma kuwa sai dai ta ce ƙwas ta yi shiru. Na huɗu ya duba da gilashin masu gyaran agogo. Kuɗin gaske bugawa aka yi, haruffansa suna da kaifi. Na zubi kuwa yakan zo da ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne kuɗin gaske da aka yi wa kwaskwarima. Yawancin kuɗin Afirka ta Yamma suna da ɗan harafi mai nuna ma'aikatar da ta buga su, kamar H ko KN na Birmingham. Tun da wata shekara ko wani harafi ya fi wani tsada, mazambaci yakan kankare lamba ko ya lanƙaya harafi. A nan sai a nemi wani na zamani ɗaya a jera su, a duba ko akwai karce ko bambancin launi a kusa da lambobin.

Ga wanda ya gaji irin waɗannan kuɗi, kada ya goge su da toka ko lemon tsami, don wankewa tana zubar da darajarsu. Kafin ya sayar ko ya ƙetare iyaka da su, ya kamata ya nemi shawarar ma'aikatan Gidan Tarihi na Katsina, musamman da yake dokar 1979 ta hana fita da kayan tarihi ba tare da izini ba. Mai saye kuma, in dillali ya hana shi awo ko ya matsa masa da gaggawa, ya mayar da kuɗinsa aljihu.