Mai Gadi da Hatimin Maigida: Yadda Manhajar Tsaro Take Gane Uwar Garkenta



Abin da zan yi magana a kansa yau ya shafi duk wanda yake zama gaban kwamfuta a ofis ko a makaranta. Galibin waɗannan na'urori akwai wata manhaja a cikinsu wadda aikinta shi ne gadi, watau ta riƙa bincika duk abin da ya shigo, ta tsare muguwar manhaja kafin ta yi ɓarna. Jama'a sun fi saninta da sunan antibayiros, amma ta zamanin yanzu aikinta ya wuce haka, don haka zan kira ta manhajar tsaro.

Wannan mai gadi ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai wata babbar kwamfuta a nesa, ko dai a hedkwatar ma'aikata ko a hannun kamfanin da ya ƙera manhajar, wadda ake kira uwar garke. Daga gare ta yake karɓar labarin sababbin cututtuka da gyare-gyaren jikinsa. Daga gare ta kuma umarni yake zuwa: a share wannan fayil, a yanke waccan kwamfuta daga layi. Shi kuma yana mayar mata da rahoton duk abin da ya gani. Bugu da ƙari, ikon da aka ba shi a cikin kwamfuta ya fi na ma'aikacin da ke zaune a gabanta. To, tambayar da ke gabanmu ita ce: in saƙo ya zo wa mai gadi, yaya zai tabbatar daga maigida ya fito?

Kada a ɗauka wannan tambaya ta masu son dogon tunani ce kawai. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Avast ya ba da labarin abin da ya sami wata manhajar tsaro ta ƙasar Indiya mai suna eScan. Manhajar tana ɗauko gyare-gyarenta ta buɗaɗɗiyar hanya wadda ba a kulle ba. Sai 'yan kutse suka tsaya a tsakani, suka musanya ƙunshin gaskiya da nasu. Ashe ke nan mai gadin da kansa ya ɗauko ɓarawo ya shigo da shi gida, yana tsammanin saƙon maigida ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Asalin Dabarar

Tun zamanin da, mai son ɓoye saƙo yakan juya shi ya zama wani irin zaurance wanda ba mai ganewa sai wanda ya san mabuɗinsa. Matsalar ita ce dole mai aikawa da mai karɓa su riƙe mabuɗi iri ɗaya, kuma isar da mabuɗin nan shi kansa hatsari ne. A 1976 wasu masana biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka fito da shawarar a yi mabuɗi biyu masu dangantaka: na fili, wanda za a ba kowa, da na sirri, wanda ba ya barin hannun mai shi. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka samar da lissafin da ya tabbatar da wannan a aikace, aka sa masa suna RSA daga haruffan farko na sunayensu.

Ginshiƙin RSA abu ne da ɗan firamare zai iya fahimta. In na ce a ninka 89 sau 97, nan take za a ce 8633. Amma in na ba da 8633 na ce a nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai an yi ta gwaji. To, lambar da ake amfani da ita a mabuɗin RSA na yau da kullum tana da alƙaluma 617. Ninkawa ba wuya, warwarewa kuwa ta gagari kwamfutocin da ake da su.

Wannan dabara ta haifi abin da zan kira hatimin lissafi. Mai mabuɗin sirri shi kaɗai ne zai iya buga hatimin a kan saƙo, amma duk mai riƙe da mabuɗin fili zai iya duba ko hatimin na gaskiya ne. Ya fi hatimin tawada da abu guda: in aka sauya ko da harafi ɗaya a cikin saƙon, hatimin ya ɓaci.

Sai dai da sauran rina a kaba. In wani ya miƙo mini mabuɗin fili ya ce na wane ne, wa ya shaida? A 1978 wani ɗalibi a jami'ar MIT, Loren Kohnfelder, ya ba da amsa a cikin kundin digirinsa na farko: a haɗa suna da mabuɗi a takarda guda, wani amintacce ya buga mata hatimi. Wannan ita ce takardar shaida ta lantarki. A 1988 aka tsara mata ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa mai suna X.509, wadda har yau a kanta ake tafiya.

Takardar Shaida da Silsilarta

Takardar ba ta da yawa. Tana ɗauke da sunan mai ita, da mabuɗinsa na fili, da ranar da ta fara aiki da ranar ƙarewarta, da irin aikin da aka yarda a yi da ita, da sunan hukumar da ta bayar, sa'an nan hatimin wannan hukuma. A lura, babu sirri a cikinta. Kowa na iya kwafarta. Abin da ba a iya kwafa shi ne mabuɗin sirrin da ya dace da ita.

Ita kuma hukumar da ta buga hatimi, wa ya shaide ta? Wata hukuma ce ta sama da ita. Ma'aikata sun san irin wannan tsari: mai unguwa ya shaidi mutum, dagaci ya shaidi mai unguwa, hakimi ya shaidi dagaci. Haka ake bin silsila har a kai ga takardar tushe, wadda ba wanda ya shaide ta sai kanta. An yarda da ita ne don kawai tun farko an ajiye ta a cikin kwamfuta, cikin jerin amintattu. Kwamfutar da aka sayo a kasuwa takan zo da irin waɗannan takardun tushe masu ɗimbin yawa, na kamfanoni da gwamnatoci dabam-dabam. A riƙe wannan batu, za mu komo kansa.

Gaisuwar Farko

Ƙa'idar da ake bi wajen kulle hanya tsakanin na'urori biyu sunanta TLS. Kakarta ita ce SSL, wadda kamfanin Netscape ya fitar a 1995. An sake mata suna a 1999, an kuma fitar da TLS 1.3 a 2018. Ga yadda al'amarin yake gudana duk lokacin da manhajar tsaro ta nemi uwar garke.

Manhajar ce take fara sallama, ta faɗi irin lissafin da ta iya, ta kuma miƙa rabin abin da za a haɗa sabon mabuɗi da shi. Uwar garke ta amsa da nata rabin, ta aiko da takardar shaidarta, sa'an nan ta buga hatiminta a kan duk maganar da aka yi tun daga sallama. Wannan hatimi shi ne hujjar cewa mabuɗin sirri yana hannunta yanzu, ba kwafin takardar wani ta tsinta ba. Daga nan manhajar ta zauna bincike: sunan da ke takardar shi ne wanda na nema? Wa'adinta bai ƙare ba? Silsilarta ta kai ga tushen da na yarda da shi? Ba a soke ta ba? In amsa ɗaya ta ƙi, sai ta katse magana. In duk sun yi daidai, ɓangarorin biyu su haɗa mabuɗi na wucin gadi, su yi zance da shi a ɓoye, in sun gama su yar da shi. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa guda.

Inda Mai Gadi Ya Fi Kowa Tsanani

Mu komo ga jerin amintattu. Kowace hukuma da ke cikinsa tana iya ba da takarda da sunan kowa, don haka rauninta ya zama raunin kowa. A 2011 aka kutsa cikin wata hukumar shaida ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga takardun jabu fiye da 500, har da mai ɗauke da sunan Google. An yi amfani da ita wajen leƙen wasiƙun mutane a Iran, inda abin ya shafi adireshin intanet kusan 300,000. Cikin watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya durƙushe. Abin lura shi ne yadda asirin ya tonu: manhajar Chrome ta ƙi takardar, domin an riga an dasa mata sanin ainihin hukumomin da ke shaidar Google.

Wannan dasawa ita ce mataki na farko da kyakkyawar manhajar tsaro take ɗauka. Ba ta dogara da jerin kowa da kowa ba. Tun ranar da aka girka ta ake ɗaure ta da takarda guda ko hukuma guda, sau da yawa ma hukumar cikin gida wadda uwar garken ma'aikatar ta kafa wa kanta. Duk wata takarda, kome kyanta, ba ta karɓa.

Mataki na biyu shi ne shaida ta zama ta ɓangare biyu. Kowace kwamfuta ana ba ta tata takardar ranar da aka yi mata rajista, kuma sai ta nuna kafin uwar garke ta saurare ta. Ta haka baƙuwar na'ura ba za ta iya aiko da rahoton ƙarya ba, kuma in an sace kwamfutar wani ma'aikaci sai a soke takardarta ita kaɗai. Na'urori da yawa suna ɓoye mabuɗin sirri cikin wani ɗan guntun ƙarfe mai suna TPM, wanda Microsoft ya sa ya zama sharaɗi ga Windows 11 a 2021.

Mataki na uku, bayan kulle hanya, kayan da kansu ana buga musu hatimi. Ko da ƙunshin gyara ya biyo ta hannun wani, manhajar ba za ta buɗe shi ba sai ta ga hatimin kamfanin da ya ƙera ta.

Inda Bango Yake Tsagewa

Zan yi kuskure in na bar ku da tunanin an gama da ɓarayi. Lissafin yana da ƙarfi, amma riƙonsa a hannun mutane yake.

Na farko, mantuwa. A 2017 'yan kutse suka yi kwana 76 cikin kwamfutocin kamfanin Equifax na Amurka, suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 147. Kamfanin yana da na'urar da ke bincika abin da ke fita, amma takardar shaidarta ta ƙare tun watanni da yawa ba wanda ya lura, saboda haka ta makance. Ranar da aka sabunta takardar, ranar aka ga ɓarnar. Wa'adin takardu kuwa ƙara gajarta yake yi: a 2020 aka taƙaita na takardun shafukan intanet zuwa kwana 398, a 2025 kuma aka yanke shawarar rage shi mataki-mataki har ya kai kwana 47 a 2029. Ma'aikatar da ke dogara da tunawar mutum guda tana jiran ranar wahala ne.

Na biyu, satar mabuɗi. Muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta zo da hatimin gaskiya na kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron, domin an sace mabuɗansu.

Na uku, mai gadin da kansa. Don ya ga abin da ke cikin kullallen saƙo, yakan dasa tasa takardar tushe a kwamfuta, ya buɗe saƙon, ya duba, ya sake kullewa. Watau ya zama mai tsayawa a tsakani da izini. Wani bincike da masana daga jami'o'in Amurka da Google da Mozilla suka fitar a 2017 ya nuna cewa yawancin manhajojin da suka gwada sun rage ƙarfin kullewar maimakon su ƙara.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci. Hatimi yana faɗin wanda ya aiko, ba ya faɗin ko abin da aka aiko alheri ne. A 2020 aka gano an cusa muguwar manhaja cikin gyaran da kamfanin SolarWinds ya fitar tun kafin a buga masa hatimi, abokan ciniki kusan 18,000 suka ɗauka. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma, wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi, jiragen sama suka kasa tashi, aikin asibitoci da bankuna ya cije. Babu ɓarawo a wannan karo. Saƙon daga maigida ya fito, mai gadi kuma ya yi biyayya.

Kammalawa

Jama'a, ba kowa ne zai zama masanin lissafi ba, amma da yawa daga cikinku za ku zauna a kwamitin sayen kaya, ko ku sa hannu a takardar kwangila. Ranar da aka kawo muku manhajar tsaro, ku tambaya: da wace takarda take gane uwar garkenta, kuma me take yi in takardar ba ta yi daidai ba? A ina mabuɗin sirri yake kwana, mutum nawa ke iya taɓa shi? Wane ne aka ɗora wa alhakin sabunta takardu, ina kuma rajistar ranakun ƙarewarsu? Ana gwada sabon gyara a kan 'yan kwamfutoci kaɗan kafin a sake shi ga kowa? Ɗan kwangilar da ya kasa amsa waɗannan, a dakata da biyansa.

Ku kuma ɗalibai, in kwamfuta ta yi muku gargaɗi cewa takardar wani shafi ba ta inganta ba, kada ku yi saurin danna a wuce. Wani lokaci agogon na'urar ne ya ɓata, wani lokaci kuwa akwai wanda ya tsaya a tsakani, kuma daga inda kuke zaune ba za ku iya bambance su da ido ba. A duba kwanan wata, in ya yi daidai a sanar da mai kula da na'urorin.