Shafi ya ƙi buɗewa: lalacewa ce ko toshewa?

Kwamfuta ba ta jin suna, lamba take ganewa. Tsarin DNS ne tafintan da ke mayar da sunan shafi lambar IP. Idan saba ta kasa gano suna, injiniya kan fara taɓa lambar kai-tsaye da umarnin ping. In ta amsa, layi lafiya yake, tafinta ne ya gaza. Sai ya duba /etc/resolv.conf don sanin wanda sabar ke tambaya, sannan ya tambayi 8.8.8.8 na Google da dig. Idan Google ya amsa, na kamfanin sadarwa ya yi gum, matsalar tana wajen kamfanin: ko kuskure, ko umarnin hukuma. A Maris 2014 da Turkiyya ta toshe Twitter ta wannan hanya, jama'a suka riƙa rubuta 8.8.8.8 a jikin bango.