Tukwici da Ladubban Karɓar Aike a Ƙasar Shanono

Tukwici shi ne ɗan abin da wanda aka kawo wa kyauta yake ba wanda ya ɗauko ta, ko kuɗi ne ko goro ko wani abin marmari, kuma yana daga cikin al'adun da suka fi daɗewa a zaman Hausawan karkara. A ƙasar Shanono, wadda take arewa maso yammacin jihar Kano a kan iyaka da jihar Katsina, inda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum sama da 140,000 a garuruwa irin su Faruruwa da Kadamu da Kokiya da Leni da Alajawa da Tsaure, gidaje suna kusa da juna kuma gona tana haɗe da gona, don haka da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ga yaro ɗauke da kwano daga wannan gida zuwa wancan ba. Duk inda kwano ya shiga kuwa, akwai ladabin karɓarsa da ladabin sallamar wanda ya kawo shi, kuma da waɗannan ladubba ne ake gane gidan da ya san ya kamata.

Tushen al'adar yana cikin tsarin gidan Bahaushe, domin matan aure suna cikin kulle, maza kuma suna gona ko kasuwa, sannan kunya ta hana suruki shiga gidan surukansa kai tsaye, saboda haka yara ne ƙafar kowa. Wata masaniyar halayyar al'umma, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'o'in matan kulle da zumuncinsu sun dogara ne a kan yara masu talla da zuwa aike, kuma abin da ta gani a birni haka yake a ƙauye. Tun da zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ta yaro ce, al'ada ta ga bai dace a bar mai ƙafar ya koma hannu rabbana ba.

Yaron da aka aika yakan tsaya a zaure ya yi sallama, idan aka amsa ya shiga ya durƙusa, ya ajiye kwanon da hannu biyu a gaban mai gida, ya ce, "Baba, wai in ji Inna a kawo maka." Mai gida ba ya buɗe kwanon da garaje a gaban yaron, domin yin haka alamar kwaɗayi ce, yakan tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Madalla, ka ce mata an gode, Allah ya saka da alheri." Bayan an juye abincin an ɗauraye kwanon ne zai sa hannu a aljihu ya ce, "Ungo wannan ka sayi alewa." Yaro mai tarbiyya yakan noƙe kafaɗa ya ce, "A'a Baba, ka bar shi," sai an ce masa, "Karɓi mana, ai ba a mayar da hannun kyauta baya," sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ba ya ƙirgawa a wurin, kuma yana isa gida abu na farko da zai yi shi ne ya nuna wa wadda ta aike shi abin da aka ba shi. Idan cikin gida aka kai aiken, matar gida kan zuba 'yar gyaɗa ko kuka ko daddawa a cikin kwanon kafin ta mayar, domin kwanon da ya zo da alheri ba ya komawa wayam.

Wannan nunawa da yaro yake yi ita ce zuciyar al'adar, domin tukwici magana ce tsakanin mutum uku: mai aike, da ɗan aike, da wanda aka aika wa. Ga ɗan aike ladan tafiya ne, amma ga mai aike shaida ce cewa saƙo ya isa cif kuma an ji daɗinsa, ta yadda matar da ta aika wa ƙawarta turmin atamfa takan gane matsayin kyautarta tun daga abin da 'yarta ta dawo da shi. Shi ya sa ake auna tukwici da girman kyauta da darajar mai aike, ba da nisan tafiya ba. Dattawa da yawa suna cewa asalinsa ushuri ne, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙimar abin da aka kawo, ko da yake a aikace babu mai yi wa tuwo ko fura irin wannan lissafi, sai dai a manyan kyaututtuka kamar riga ko dabba. Wuce gona da iri ma abin zargi ne, domin wanda ya ba da tukwicin da ya kusa kai kuɗin kyautar kamar ya ce ya saya ne, kuma wannan cin fuska ne ga mai aike.

Karin maganar da ta fi shahara a kan wannan batu ita ce "yaba kyauta tukwici," kuma har yau ba a daidaita a kan ma'anarta ba. Wasu suna fassara ta da cewa yabon da mutum ya yi wa kyauta da bakinsa shi kansa tukwici ne, don haka talakan da ba shi da ko sisi, idan ya yi godiya da fara'a ya sa albarka, ya sauke nauyin da ke kansa. Wasu kuma suna cewa ma'anarta ita ce ba a tabbatar da an yaba kyauta sai an ga tukwici, kuma godiyar baki kaɗai daga mai hali rowa ce da aka yi wa ado. Malamai sun fi karkata ga fassara ta farko saboda tana sauƙaƙa wa marar ƙarfi, mata masu harkar biki kuwa sun fi riƙe ta biyu. Abin da zaman yau da kullum ya nuna shi ne ana aiki da duka biyun gwargwadon halin mai karɓa: tsohuwar da ta shafa kan yaro ta ce "Allah ya yi maka albarka" ba a ce ta gaza, attajirin da ya tsaya a nan kuwa sai an yi da shi a bayan ido.

Akwai wuraren da ba a ba da tukwici, kuma sanin su rabin ladabin ne. Ba a ba da shi a kan sadaka, kamar waina ko gumbar da ake rabawa a sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, domin amsar sadaka addu'a ce ga mamaci. Ba a ba wanda ya kawo labarin rasuwa, haka kuma uba ba ya ba ɗansa tukwici don ya kawo masa tuwo daga cikin gida, tun da wannan hidima ce ta wajibi. Mai kawo labari mai daɗi kuwa nasa daban ne, ana ce masa goron albishir, kuma yana da tsararriyar magana da kowa ya sani: mai labari ya ce "Albishirinka," a ce "Goro," ya ce "Fari ko ja?" a ce "Fari," sannan ya faɗi cewa wance ta sauka lafiya ko wane ya dawo daga Makka. Haka nan tukwici ya bambanta da gyara, wato ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye bayan awo, da kuma la'ada, wato kason da dillali yake karɓa idan ciniki ya faɗa, domin waɗannan biyun na kasuwa ne.

Inda ladabin ya fi laushi shi ne wajen baƙo. Idan baƙo ya sauka, ana ba shi ɗakin soro ko shagon samari, a wakilta yaro guda ya riƙa kai masa ruwan alwala da na wanka, da koko da safe, da fura da rana, da tuwo a akushi da dare, wani lokaci ma maƙwabta su aiko da nasu kwanukan don taya mai masauki karɓar baƙo. Baƙon da ya san al'ada ba ya tambayar kuɗin abinci, domin hakan zagi ne, kuma ba ya cinye abin da aka kawo ƙarƙaf, yakan rage wa yaron da ke yi masa hidima, musamman idan akwai tsoka. Ba ya kuma ba yaron kuɗi a kowane zuwa, don kada ya mayar da gidan mutane masaukin haya. Sai ranar tafiya, bayan ya yi sallama da mai gida, zai kira yaron ya damƙa masa nasa a hannu, sannan ya ba da wani abu ya ce a kai wa mutanen gida su sayi sabulu, yana nufin matan da suka yi ta girki ba tare da ya ga fuskarsu ba. Mai gida kuwa yakan yi kamar bai gani ba, ko ya ce, "Haba Malam, har da wahala haka?" A wannan al'ada babu farashi, kuma ɗan aike ba shi da ikon tambaya.

Lokacin da yara suka fi ɗokin aike shi ne watan azumi da sallah. Gab da magariba za a ga 'yan mata da langa da kwanon sha suna rarraba kunun tsamiya da ƙosai gida gida, ranar ƙaramar sallah a raba tuwo da miyar taushe, a babbar sallah kuma a bi dangi da naman layya, har yara kan yi gardama a kan wanda za a aika gidan kawu wane saboda an san hannunsa a sake yake. Abin da aka tara yakan shiga asusu, wato ɗan tulun ƙasa mai tsaga da ba a buɗe shi sai an fasa, yarinya ta sayi kwalli da ɗan kunne ko uwarta ta adana mata don kayan ɗaki, yaro kuma ya sayi kaza, kaza ta zama akuya. Da haka yaro yake koyon riƙon amana tun yana ƙarami, domin wanda ya taɓa tsame nama a hanya ba a sake aikensa.

Manyan tukwici kuwa a biki da fada ake ganinsu. Matan da suka kai lefe daga gidan ango ana tarbarsu da abinci, a sallame su da kuɗi da alkaki da nakiya da dubulan, su koma su raba a tsakaninsu, kuma dangin ango suna karanta wannan sallama a matsayin amsar dangin amarya game da kayan. Haka ake yi wa masu kai kayan sa rana da masu kai gara. A fada ma, idan hakimi ko dagaci ya aika wa mutum riga ta hannun bafade, tukwicin bafaden wajibi ne, kuma tun zamanin da, da irin wannan fadawa da dogarai suke samun wani ɓangare na abin masarufinsu.

Abin da ake bayarwa ya sauya da zamani. Kafin Turawa su ci Kano a 1903 wuri ne da goro, daga baya aka koma anini da ɗari da kwabo, taro ko sisi kuwa sai a babbar kyauta, har zuwa 1973 da aka fito da naira. A yau kuɗin ƙarfe sun daina yawo a hannun jama'a, naira biyar da naira goma ba sa sayen abin kirki, kuma tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta rage yawan kwanukan da ke fita daga gidaje. A farkon shekarar 2023 ɗin ma, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mutanen karkara sun ɗanɗana yadda rashin canji yake kunyata mai son yin alheri. Ga kuma wayar hannu, wadda ta sa ɗa yana Kano ko Legas zai tura wa mahaifiyarsa kuɗi ta wurin mai POS ba tare da wani ɗan aike ya taka ƙafa ba.

Abin takaici mafi girma shi ne yadda sunan al'adar ya fara zama mayafin abin da ba ita ba. Wanda ya riƙe takardar mutum a ofis sai an ba shi "na goro" cin hanci yake nema, domin tukwici bayan alheri yake zuwa, kuma mai bayarwa ne yake yanke shi da ransa. Haka nan tukwicin lefe da a wasu gidaje ya koma abin gasa da ciniki, har a yi fushi a kansa, ya bar ma'anarsa ta godiya. Duk da haka al'adar tana da rai a ƙauyukan Shanono, kuma tsaronta ba ya bukatar dukiya, yana bukatar iyaye su ci gaba da aiken 'ya'yansu gidajen dangi, su koya musu durƙusawa da karɓa da hannu biyu da kame baki daga roƙo, manya kuma su ci gaba da sallamar yaro da abin da ya sawwaƙa, ko da dabino biyu ne da sa albarka.