Fina-finan ramuwar gayya na Koriya: me yaronki yake ɗauka bayan an kashe waya?

Uwargida, in kika karɓi wayar ɗanki ko ta ƙanwarki yau kika buɗe inda ake ajiye bidiyo, da wuya ki rasa fim ɗin Koriya a ciki. A da fina-finan Indiya da na Kannywood ne suka riƙe ɗakunanmu. 'Yan Koriya ta Kudu sun shigo ne a hankali, da Jumong da labaran sarauta da na soyayya, har muka saki jiki da su. Sai dai a bayan waɗannan akwai wani rukuni da suka shahara da shi a duniya, wato fina-finan ɗaukar fansa, inda ake zaluntar mutum, ya yi shekaru yana shiri, sannan ya dawo ya rama da jini.

Ba sai yaro yana da kuɗin data zai same su ba. Shagon masu tura fina-finai yana nan a kusan kowace unguwa a Gusau da Tsafe da Bungudu, a cika masa memori da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa abokansa ta Xender. Ki tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. A cikin wannan watan ne Squid Game ya fito a Netflix. Ko an rufe sabis, memori ba ta buƙatar sabis. Don haka maganar "ai ba na sa masa data" ba ta isa ta kwantar miki da hankali ba.

Me ke cikin waɗannan fina-finai?

Bari in ba ki labarin huɗu daga cikinsu a taƙaice, don ki san abin da ake magana a kai ba tare da kin sa idonki a jini ba.

Oldboy, na darakta Park Chan-wook, ya fito a 2003, ya kuma ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2004. An kulle wani mutum a ɗaki shekara 15, bai san wa ya kulle shi ba, bai san laifinsa ba. Da aka sake shi ya fita farautar mai wannan aiki, har da wani faɗa da guduma a cikin lungu wanda samari ke yawan tura wa juna. A ƙarshe ya gane cewa wanda ya kulle shi ma ramuwa yake yi, kuma duk su biyun sun ƙare a lalace.

I Saw the Devil na 2010 ya fi shi muni. Wani jami'in tsaro ne aka kashe wa budurwar da zai aura. Ya kama makashin, ya azabtar da shi, ya sake shi don ya sake kama shi. Duk lokacin da ya sake shi, wasu bayin Allah ne ke shan wahala, har da dangin marigayiyar. Hukumar tace fina-finai ta Koriya kanta sau biyu tana hana a nuna shi a sinima sai da aka yanke wasu wurare. Fim ɗin ya rufe ne da jarumin yana tafe a titi shi kaɗai yana kuka.

Lady Vengeance na 2005 shi ya fi shafar mu iyaye. Wata mata ta yi shekara 13 a kurkuku kan kisan yaron da ba ita ta kashe ba. Da ta fito ta kama ainihin makashin, ta tara iyayen yaran da ya kashe a wata tsohuwar makaranta, ta ba su zaɓi: a miƙa shi ga hukuma, ko su yi da hannunsu. Suka zaɓi hannunsu. Bayan sun gama suka zauna jugum, babu wanda ɗansa ya dawo.

Sai The Glory, mai dogon zango, da ya fara a Disamba 2022. Wata ɗaliba ce abokan karatunta suka riƙa ƙona wa jiki da ƙarfen naɗe gashi mai zafi. Ta yi shekara 18 tana shiri, ta zama malamar 'yar shugabar masu zaluntarta. Wannan shiri ya tayar da ƙura a zahiri: a Koriya da Tailan mutane suka fara fallasa waɗanda suka ci zalinsu a makaranta, wasu fitattu suka fito suka nemi gafara, har daraktan shirin kansa ya amsa cewa ya taɓa dukan ɗalibai yana saurayi.

Kin lura da inda ukun farko suka haɗu? Masu shirya su manya suke yi wa magana, kuma abin da suke cewa shi ne ramuwa tana cinye mai ita. Amma wannan darasi yana can a minti goma na ƙarshe. Yaro kuwa guntun minti biyu yake gani a TikTok, daidai wurin guduma. Ko ya kalli fim ɗin duka, in fassara ce, sau da yawa an cusa barkwanci a bakin jarumi daidai lokacin da ake yanka mutum. Sai ɗaki ya kaure da dariya a wurin da aka shirya don hankali ya tashi.

Me ya sa muke jin daɗin ramuwa?

Kada ki ga laifin kanki in kin taɓa cewa "Allah ya ƙara" da aka kama mugu a fim. Haka aka halicce mu. A 2004 masu bincike a Jami'ar Zurich ta Suwizalan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a lokacin da suke yanke shawarar hukunta wanda ya cuce su a wani wasan kuɗi. Suka ga ɓangaren da ke motsawa in mutum yana sa ran samun abin da yake so, shi ne ya motsa. Shi ya sa Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma yana faɗa ne da ɗan murmushi.

Sai dai a 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Kevin Carlsmith da abokan aikinsa, sun bi sawun abin da ke biyo baya. Waɗanda aka ba damar ramawa sun ɗauka za su ji sanyi a rai. Da suka rama, sai suka ci gaba da tunanin wanda ya cuce su, ransu ya fi na waɗanda ba su rama ba ɓaci. Daɗin yana wurin sa rai, ɗacin yana zuwa daga baya. Babba yana iya riƙe waɗannan biyun a kansa. Ɗan shekara 14 na farkon kawai yake ji, domin ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Yaranmu ba kamar na ko'ina ba ne

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani. Yaron da ke Seoul in ya gama kallo zai kashe fitila ya kwanta, tsoronsa ya ƙare da fim. Namu fa? Akwai yaran da suka san ƙarar bindiga kafin su san haruffa. Akwai waɗanda suka kwana a daji, da waɗanda aka tara kuɗin fansar babansu a gabansu. Sun ji labarin 'yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke a Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu a Satumban 2023. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta ratsa ta 'Yandoto da Tsafe, ba a hawanta sai da addu'a.

Kuma kowa a nan ya san yadda ramuwa ta ƙara wa wannan wuta fetur. A kashe na wannan ɓangare, a tashi a rama kan wanda bai ji ba bai gani ba, danginsa su ma su tashi. 'Yandoto da tarihi ya san ta da malamai da karatu, yau yaran yankinta suna tasowa da wannan lissafi na "an yi mana, sai mun yi musu".

Fim kaɗai ba ya mayar da yaro ɗan ta'adda. Talauci da yawan makamai da rashin adalci sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da fim ke yi shi ne ya ba yaron da ke ɗauke da ciwo a zuciya wani hoto: jarumi shi ne wanda bai yafe ba, hukuma ba ta da amfani, kuka na mata ne. Maraya ɗan shekara 15 da aka kashe wa uba, in ya kalli wannan, ba nishaɗi yake yi ba. Kansa yake gani.

Yadda abin ke bayyana a jiki

A wurin aiki, iyaye mata kan kawo yaro da ƙorafin ciwon ciki ko ciwon kai ko rashin barci, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a ga babu komai. Cikin tambayoyin da nake yi yanzu akwai: me yake kallo da dare, kuma me ya gani da idonsa a gari? Jiki ba ya bambance tsoron fim da na gaske. Sinadarin adirenalin yana zuba a jini, zuciya ta yi sauri, baki ya bushe, barci ya gudu.

Ƙananan yara su suka fi shiga haɗari. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa a kare 'yan ƙasa da shekara 6 daga kallon tashin hankali, domin ba kullum suke bambance wasa da gaskiya ba. Wannan ya haɗa da wanda ke kan cinyarki kina kallo, kina ganin ai bai san komai ba. Yana jin ihun, yana kuma jin yadda jikinki ya sandare. Alamunsa su ne firgita cikin barci, manne miki, tsoron duhu, ko komawa fitsarin kwance bayan ya daina.

'Yan firamare kuwa kwaikwayo ne nasu. Tun a 1963 masanin nan Albert Bandura ya nuna cewa yaran da suka kalli babba yana dukan 'yar tsana a fim, su ma sun dake ta irin yadda suka gani. Da Squid Game ya fito, makarantu a Ingila da Beljiyam sun gargaɗi iyaye saboda yara suna yin wasannin cikinsa a filin makaranta, wanda ya faɗi a buge shi.

Samari da 'yan mata su kan ɓoye. Abin lura a wurinsu shi ne saurin fushi, kwana da waya, dariya in an ga jini, da maganganu irin su "wallahi in na girma sai na rama".

Abin da za ki iya yi daga yau

Ki fara da kanki. In za ki kalli irin wannan, ki bari yara su yi barci, ki sa abin ji a kunne. Ki yi wa maigida da ƙannenku da ke zaune a gidan magana, domin sau da yawa wayar kawu ce ko ta yaya ake zagayewa.

Ki duba lambar shekaru. Oldboy da I Saw the Devil da Lady Vengeance da The Glory duk na manya ne zalla, ko a ƙasar da aka yi su. Netflix yana da sashen yara da lambar sirri, YouTube ma yana da wurin taƙaita abin da ake gani. Memori ce ba ta da makulli, sai idonki. Ki riƙa dubawa a gaban yaron, ba a ɓoye ba, kuma waya ta kwana a ɗakinki.

In kin tarar ya riga ya kalla, kada ki fara da bulala. Duka zai koya masa ɓoyewa, ya kuma tabbatar masa da abin da fim ya ce, wato mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Ki zaunar da shi ki tambaya: wa aka zalunta? Da ya rama, me ya dawo masa? Wa ya mutu a hanya wanda ba ruwansa? In guntu ya gani, ki gaya masa yadda labarin ya ƙare. Ki tuna masa cewa a addininmu ƙisasi a hannun alƙali yake, ba a hannun mai fushi ba, an kuma buɗe ƙofar diyya da ta afuwa. Ki ƙara masa da ta kakanni: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

In kuwa yaron ya taɓa ganin hari ko ya rasa wani nasa, ki ba shi damar yin maganar. "Yi shiru, namiji ba ya kuka" ba ya warkar da komai, sai dai ya tura ciwon ciki. Idan firgita ko mugun mafarki ko fitsarin kwance ko ƙin shiga mutane suka wuce wata guda, ki kai shi asibiti. Za ki iya farawa da na kusa da ke, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato ga wanda aka tura. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuma yana maganar cutar da kansa ko wani, kada ki jira wata, ki tafi a ranar.

Tsaron hanya da na daji ba a hannunmu yake ba, 'yar'uwa, amma wayar da ke cikin ɗakinmu a hannunmu take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke wane fim kika taɓa tararwa a wayar ɗanki, kuma yaya kuka ƙare? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.